Igiyar Da Ke Tona Asirin Algus A Cikin Mai, Madara Da Zuma

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2022, masu motoci a Ikko da Abuja suka wayi gari da wata matsala wadda ba su san mafarinta ba. Mutum zai sha mai a gidan man da ya saba, ya biya kuɗinsa lakadan, bai yi nisa ba sai injin ya fara tari, daga nan ya mutu masa a tsakiyar titi. Kafin a ankara dogayen layuka sun dawo gidajen mai, kasuwar 'yan bumburutu kuma ta buɗe. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya yi bayanin cewa wasu jiragen ruwa da suka ɗauko fetur daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam sun kawo mai wanda aka cakuɗa shi da wani sinadari mai suna metanol fiye da kima. Shugaban kamfanin na wancan lokaci, Malam Mele Kyari, ya bayyana cewa binciken da aka saba yi wa mai, can inda ake loda shi da nan inda ake sauke shi, bai ƙunshi awon yawan metanol ba.

Metanol fari ne tas kamar ruwan sha, idan ya shiga fetur ido ba ya rarrabe su. Amma a wurin masana ilmin lantarki tsakanin waɗannan abubuwa biyu akwai rata mai yawa. Kowane abu mai ruwa-ruwa yana da wata lamba tasa wadda ke nuna yadda yake amsa ƙarfin lantarki. Lambar fetur ba ta wuce wajen 2 ba, ta metanol kuwa ta kai 33, ta tsabtataccen ruwa kuma 80. Akwai na'urori, wasunsu girmansu bai wuce na akwatin ashana ba, waɗanda aikinsu shi ne karanta wannan lamba cikin ƙiftawar ido ta hanyar tura wata irin igiyar rediyo da ake kira maikurowef cikin abin da ake son a auna. Ga ƙasar da arzikinta yake gudana cikin bututu da tanki da ƙwarya, sanin yadda waɗannan na'urori suke aiki, da kuma inda ƙarfinsu ya tsaya, ba ƙaramin al'amari ba ne.

IGIYAR DA TA FI GAJEREN ZANGO GAJARTA

Duk wanda ya girma yana murɗa akwatin rediyo ya san zancen mita 49, da mita 31, da mita 25 a kan gajeren zango. Waɗannan mitoci ba komai ba ne illa tsawon igiyar da tashar take aikowa, daga wannan tudu nata zuwa na gaba. Igiyar tashoshin FM ta fi su gajarta, tsawonta wajen mita 3 ne. Idan aka ci gaba da gajarta igiya har ta kasa mita ɗaya, to, an shiga yankin maikurowef, wanda ya kama daga mita ɗaya ya gangara zuwa milimita ɗaya. Gwargwadon gajartar igiya, gwargwadon saurin kaɗawarta: ta mita ɗaya tana kaɗawa sau miliyan 300 a daƙiƙa guda, ta milimita ɗaya kuwa sau miliyan dubu 300. Kaɗawa miliyan dubu a daƙiƙa shi ake kira gigahaz ɗaya. Da irin waɗannan igiyoyi ne wayar salula, da na'urar hango jirage, da faifan tauraron ɗan'adam suke aiki.

Bajamushe Heinrich Hertz ne ya fara tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a shekarun 1887 da 1888, bayan da James Clerk Maxwell ya nuna da lissafi cewa lalle suna nan. A Kalkata ta ƙasar Indiya, Jagadish Chandra Bose ya yi gwaje-gwaje da igiyoyi masu tsawon 'yan milimitoci tun kafin shekarar 1900. Amma sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka same su da ƙarfi, sa'ad da John Randall da Harry Boot na Jami'ar Birmingham a Ingila suka ƙera wata fitila mai suna magnetiron a 1940 don aikin hango jiragen abokan gaba. A 1945 Percy Spencer na kamfanin Raytheon a Amurka ya lura cewa wannan igiya tana ɗumama abinci, daga nan aka sami murhun lantarkin nan na ɗumame da ake gani a gidaje. Murhun yana aiki a kan gigahaz 2.45, watau igiya mai tsawon wajen santimita 12. Dalilin da ya sa yake ɗumama tuwo ya bar kwanon tangaran da sauran sanyi, shi ne dai dalilin da ya sa ake iya awon ruwa da igiyar.

KOWANE RUWA DA LAMBARSA

Asalin lambar da aka ambata yana komawa ga Michael Faraday, wanda a 1837 ya ɗauki ƙwallon ƙarfe biyu, ƙarami a cikin babba, ya riƙa cika tsakaninsu da abubuwa iri-iri kamar gilashi da farar wuta. Ya tarar cewa yawan lantarkin da ƙwallayen ke iya riƙewa yana ƙaruwa bisa ga abin da aka sa a tsakani. Idan an ɗauki sararin da babu komai a cikinsa a matsayin 1, sai a ba kowane abu lambarsa gwargwadon yadda ya ninka riƙon. Wannan ita ce lambar riƙon lantarki. Ta iska 1 ce da ɗan ɗigo. Fetur, da kananzir, da man gas duk suna wajen 2. Man girki irin su man gyaɗa suna wajen 3. Sinadarin etanol, wanda ake samu daga rake ko rogo, yana wajen 25.

Me ya ɗaga ruwa har ya kai 80? Amsar ta fito daga Peter Debye, mutumin ƙasar Holan, wanda ya fara bayanin a 1912, ya tattara shi cikin littafi a 1929, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1936. Mafi ƙanƙantar ƙwayar ruwa ta haɗu ne daga zarrar oksijin ɗaya da ta haidirojin biyu, kuma ba a miƙe suke ba, a lanƙwashe suke. Saboda haka ƙwayar tana da kai biyu kamar batir, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa. Da zarar ƙarfin lantarki ya ratsa, sai ƙwayoyin su yi ƙoƙarin juyawa su fuskance shi. Ƙwayoyin fetur ba su da irin waɗannan kawuna biyu, don haka igiya takan wuce su kusan ba su kula ta ba.

Igiyar maikurowef tana sauya fuskarta sau dubban miliyoyi a daƙiƙa, ƙwayoyin ruwa kuma suna ta juyi suna binta. Abin ya yi kama da 'yan rawa a gaban makaɗi. Idan kiɗa yana tafiya a hankali, kowa yana bin sa daidai. Idan makaɗi ya ƙara wuta, sai masu rawa su fara makara, suna gogar juna, gumi yana keto musu. Idan kuwa ya wuce misali, sai su tsaya kallo kawai. Wannan gogayya ce take zama zafi a cikin murhu, ita ce kuma take ba da lamba ta biyu, watau lambar asara, wadda ke nuna yawan ƙarfin igiyar da abu ya shanye. Kowane sinadari yana da saurin kiɗan da ya fi wahalar da shi. A ɗaki mai matsakaicin zafi, na etanol yana wajen gigahaz 1, na metanol wajen 3, na ruwa kuwa ya kusa 20. Saboda haka wanda ya auna lambobin nan biyu a kan igiyoyi masu saurin kaɗawa daban-daban, ya sami wani abu mai kama da zanen yatsa na abin da ya auna. A Jami'ar MIT ta Amurka, Arthur von Hippel da mutanensa sun shafe shekaru suna wannan awo, suka buga jadawalin abubuwa masu ɗimbin yawa a 1954, wanda injiniyoyi suka daɗe suna dogara da shi.

YADDA AKE AWON

Hanyoyin awon uku ne manya. Ta farko ita ce ta amsa-kuwwa. Ana ɗaukar waya irin mai zuwa daga eriyar talabijin, mai zare ɗaya a tsakiya da rigar ƙarfe a kewaye, a yanke bakinta sumul, a tsoma cikin ruwan. Igiya takan gangaro ta bugi ruwan ta koma, na'ura kuma ta auna nawa ne ya dawo, da kuma jinkirin da ya yi. Masana biyu a Kanada, Maria Stuchly da Stanislaw Stuchly, suna cikin waɗanda suka daidaita wannan hanya wajen 1980, kuma har yanzu ita ce aka fi amfani da ita a ɗakunan bincike.

Ta biyu ita ce ta ratsawa, inda ake tura igiya daga wannan gefe na bututu a tare ta a wancan gefe. A cikin ruwa saurin igiya yakan ragu kusan ninki tara, har igiyar santimita 12 ta tsuke ta koma ƙasa da santimita ɗaya da rabi. A cikin fetur kuwa raguwar ba ta kai ninki ɗaya da rabi ba. Daga makarar igiyar da kuma raunin da ta yi kafin ta isa ake gane abin da ta ratsa.

Ta uku, wadda ta fi sauran kaifin ji, ita ce ta amo. Yarinyar da ke ɗibar ruwa a famfo ba sai ta leƙa tulu ba take sanin ya kusa cika, sautin zubar ruwan ne yake sauyawa yana gaya mata. Haka nan kowane akwatin ƙarfe yana da wani saurin kaɗawa wanda igiya take yin amo a cikinsa. Idan aka sa ɗigon wani abu a ciki, sai amon ya sauka ƙasa gwargwadon lambar riƙonsa, ya kuma dushe gwargwadon lambar asararsa. A da sai an ƙera akwati na musamman mai tsada. Yanzu ana zana ɗan zobe na jan ƙarfe mai tsaga a gefe ɗaya a kan allo irin na cikin rediyo, ƙarfin lantarki kuma yakan taru a bakin tsagar, a nan ake ɗiga ruwan ko a bi da shi ta wani siririn bututu mai kaurin gashi. Wannan zobe ya yi suna ne bayan aikin John Pendry na Kwalejin Imperial ta London a 1999, kuma a kansa aka gina yawancin ƙananan na'urorin da masu bincike suke ƙerawa a wannan zamani.

Amfanin waɗannan hanyoyi a bayyane yake idan aka gwada su da na da. Mai son sanin yawan ruwa a cikin abu, ko dai ya busar da shi a tanda na sa'o'i ya sake aunawa, ko ya bi hanyar sinadarai wadda Karl Fischer ya fito da ita a 1935, mai bukatar ƙwararre da ɗakin bincike. Igiya kuwa ba ta ɓata abin da ta auna, ba ta bukatar a zuba wani magani, tana iya ratsa bangon kwalba ko na roba, kuma amsarta nan take ce. Ƙarfin da take amfani da shi bai kai na wayar salula ba, balle na murhu, kuma ba irin hasken hoton ƙashi ba ne na asibiti.

DAGA RIJIYAR MAI ZUWA GONAR ROBA

Inda wannan fasaha ta fi kafuwa shi ne harkar man fetur. Rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba, tana haɗowa da ruwan gishiri da iskar gas, kuma gwargwadon tsufanta gwargwadon yawan ruwan, har wata rijiyar ruwanta yakan fi manta yawa. Tun da aka sami mai a Oloibiri a 1956 ake haƙo a yankin Neja Delta, saboda haka tsofaffin rijiyoyi ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Masu sayen ɗanyen mai galibi ba su yarda ruwa da laka su wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: a jirgin da ya ɗauki ganga miliyan ɗaya, kuskuren kashi ɗaya cikin 100 ganga 10,000 ce, wadda ko dai mai saye ya biya kuɗin ruwa, ko mai sayarwa ya yi kyautar mai. Don haka kamfanoni irin su Roxar na ƙasar Norwe da Phase Dynamics na Amurka suka ƙera ma'aunai na maikurowef waɗanda ake ɗaurawa a jikin bututu, suna karanta yawan ruwa dare da rana ba tare da an tsayar da aiki ba.

A ƙasar Malesiya matsalar ta manoman roba ce. Ƙaron da ake tatsa daga itacen fari ne kamar madara, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai nasa yake roba, saura yawanci ruwa ne. Ana biyan manomi bisa ga tsabar robar da ke ciki, tabbataccen awo kuwa sai an daskarar an busar, abin da ke cin sa'o'i masu yawa. Farfesa Kaida Khalid na Jami'ar Putra ta can ya ƙera ma'aunin maikurowef wanda ke ba da amsa a wurin ciniki, manomi da ɗan kasuwa suna tsaye. Masu tatsar roba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba sun san irin wannan gardama sarai.

Madarar saniya kashi 87 cikin 100 nata ruwa ne tun daga hantsa, shi ya sa ƙarin ruwa yake saurin ɓuya a cikinta. Tsohon ma'aunin da ake tsomawa yana duba nauyinta ne kawai, mai wayo kuma yana iya yaudararsa: ya kwashe mai, wanda ke ƙara wa madara nauyi, sannan ya zuba ruwa ya mayar da nauyin inda yake. A wurin igiya kuwa wannan dabara tonon asiri ce, domin kwashe mai da ƙara ruwa duka biyun ɗaga lambar suke yi. Zuma ma ƙa'idar abinci ta duniya ta ce kada ruwanta ya wuce kashi 20 cikin 100, domin in ya wuce takan yi tsami. Har wayar da ke aljihun mai karatu ta bi ta hannun wannan awo. Kafin a ba da izinin sayar da sabon samfurin waya, akan gwada ta a jikin wani mutum-mutumin kai da aka cika da ruwa na musamman mai lamba wajen 40, daidai da ta naman kan ɗan'adam, don a san yawan ƙarfin da jiki zai sha.

INDA ƘARFINTA YA TSAYA

Sai dai kowane gwani da iyakarsa. Abu na farko shi ne zafi. Lambar ruwa 80 ce a ma'aunin zafi 20, amma a 40 takan sauka zuwa 73. Na'urar da aka saita da sanyin safiyar Jos, in aka kai ta Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba tare da gyaran lissafi ba, ƙarya za ta yi. Gishiri yana ƙara lambar asara, kumfar iska kuma tana rage lambar riƙo, ƙwaya ɗaya ta kumfa a bakin waya ta isa ta ɓata awo.

Abu na biyu ya fi muhimmanci. Igiya tana ganin abubuwan da lambobinsu suka yi nisa da juna, amma idanunta sukan yi rauni in sun yi kusa. An sha jin labarin fitila ko risho ya yi bindiga ya ƙone iyali saboda kananzir da aka gauraya da fetur. To, waɗannan biyun duk a wajen 2 suke, bambancinsu ɗan kaɗan ne, sai na'urar amo mai kaifi ƙwarai da hannun ƙwararre. Haka nan zumar da aka haɗa da dafaffen sukari, ko manjan da aka zuba wa rini. Ko a inda ta ga canji ma, na'ura mai aiki da igiya ɗaya tak ba za ta faɗi sunan abin da aka zuba ba. Za ta ce wannan mai ba daidai yake ba, amma ko ruwa ne, ko etanol, ko metanol, wannan sai an bi igiyoyi da yawa, ko a kai ɗakin bincike. Matsayinta matsayin mai gadi ne, ba na alƙali ba.

Akwai kuma gargaɗi ga masu ciwon sukari. Shekara da shekaru masana suna neman hanyar awon sukarin jini ba tare da huda yatsa ba, kuma igiyar rediyo tana cikin hanyoyin da ake gwadawa. Wahalar ita ce sukarin da ke cikin jini ɗan mitsitsi ne, canjin da yake kawowa bai kai wanda gumi, ko zafin jiki, ko motsin hannu ke kawowa ba. Wani kamfani a ƙasar Suwizalan ya fito da agogon hannu mai suna Pendra, ya sami izinin Turai a 2003, amma awonsa bai tabbata ba, aka janye shi. A watan Fabrairu na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da agogo ko zoben da ake tallarsa da cewa yana awon sukari ba huda. Wanda ya sha magani ko ya yi allura bisa ga lambar ƙarya, ransa ya sa a hatsari.

ABIN DA YA RAGE

Na'urar da ke tura igiya ta karanta amsarta a da kuɗinta ya fi na sabuwar mota, sai manyan kamfanoni da jami'o'in Turai. Yanzu akwai ƙananan irinta na hannu waɗanda kuɗinsu bai kai na wayar salula mai kyau ba, ko da yake ba su kai manyan kaifi ba, allon zoben kuma ɗalibin injiniyan lantarki yana iya zana shi da kansa. Saboda haka kayan aiki ba su ne babban cikas ba.

Babban aikin shi ne jadawali. Na'ura ba ta san gaskiya ba sai an nuna mata, ba za ta gane gurɓatacce ba sai ta san lambar nagari. Madarar farar saniyar Fulani a lokacin rani daban take da ta damina, kindirmo daban yake da madarar da aka tatso yanzu, man gyaɗar Kano, da man kaɗanya, da manjan kudu, da zumar Mambila kowanne da halinsa. Dole a auna kowannensu, a yanayin zafin ƙasar nan, a rubuta a ajiye, kamar yadda von Hippel ya yi wa kayan masana'antun Amurka. Wannan aiki ne na sassan kimiyya da injiniya na jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da na Ife da Nsukka, tare da hukumar kula da ingancin kaya ta SON da ta abinci da magunguna ta NAFDAC, waɗanda su ne za su sa hatimin amincewa.

In an yi haka, mai karɓar madara a cibiyar tattarawa, da jami'in da ke duba tankar mai a daffo, da ɗan kasuwar zuma za su sami abin da zai raba gardama a gaban kowa. Ribar ba ta mai saye kaɗai ba ce. Mai kaya na gaskiya, wanda har kullum ake karya masa farashi saboda zargin ha'incin da wani ya yi, shi ne zai fi kowa cin moriyar ma'aunin da ba ya karɓar toshiya, ba ya kuma duban fuska.